Kafin a Kafa Langa-langa: Kira ga Jama'ar Kano Kan Filayen Tashoshin Mota

Ya ku jama'ar Kano, iyayenmu da 'yan'uwanmu, maza da mata, 'yan kasuwa da ma'aikata, masu gida da 'yan haya.

Duk wanda ya kwana biyu a garin nan ya san yadda fili ke ɓacewa. Yau wuri ne da motoci ke tsayawa, ko yara ke buga ƙwallo, ko ake sallar idi. Gobe da safe sai a wayi gari an kewaye shi da langa-langa. Babu allon da ya faɗi abin da za a gina, babu wanda ya san wa aka ba, mai unguwa ma a bakin mutane yake ji. Bayan wata shida sai a kwashe kwanon, ga bene hawa uku na shaguna, an riga an sayar da su tun suna kan takarda. Daga nan mu taru a majalisa muna salati, mu buga wa gidan rediyo waya muna kuka. Ihu bayan hari ke nan. Kiran da nake yi yau shi ne mu riga masu awo isa filin.

Manyan filayen da suka rage wa jama'a a cikin birnin nan ba su da yawa, kuma mafi girmansu tashoshin mota ne da wuraren ajiye motoci: Unguwa Uku, Na'ibawa, 'Yankaba, Ƙofar Ruwa, Ƙofar Wambai, Malam Kato, tashar manyan motoci ta Sabon Gari, sai filayen fakin da ke jikin kasuwanni da ma'aikatu. Lokacin da aka yanka wasunsu bakin gari ne. Yanzu gari ya haɗiye su, suna tsakiyar cunkoso, kuma maganar fitar da manyan motoci bayan gari ta daɗe ana yin ta. Kada kowa ya ɗauka ba za ta yiwu ba, domin a gabanmu aka tashi 'yan magani daga Sabon Gari zuwa Dangwauro a 2024. Ranar da aka ce wata tasha ta tashi, ko a rage mata girma, za a bar fili mai darajar biliyoyin naira. Akwai masu lissafinsa tun yanzu. Mu masu filin ne kawai ba mu fara namu ba.

Ga abin da nake so mu tsaya a kai da murya ɗaya. Duk filin mota na jama'a da za a sake wa fasali a Kano, kada a yanka shi a sayar. Ya zauna mallakin jama'a, a gina unguwa a kansa: shaguna da wuraren sana'a a ƙasa, gidajen haya masu rangwame a sama, ga makaranta, ga ɗakin shan magani, ga wurin ibada, ga dandali mai inuwa. Waɗanda suke cin abinci a filin yau su ne za su fara shiga. Kuma a ɗaure shi da doka yadda babu gwamnan da zai zo gobe ya kwance.

Mu yi lissafi, tunda garin 'yan kasuwa muke. Ƙaramar mota idan aka ajiye ta takan ci wuri mai faɗin mita 2.5 da tsawon mita 5, wato murabba'in mita 12.5. Ɗakin da magina ke kira sha biyu sha biyu bai wuce murabba'in mita 13 da 'yan kai ba. In aka haɗa da hanyar da motar za ta bi ta shiga, ta juya, ta fita, lissafin yakan ninka ya kai 25 zuwa 30. Ashe kowace motar da ke kwance a fili tana zaune ne a ciki da falo, a kan 'yan canjin da ake miƙa wa mai gadi. Hekta guda takan ɗauki motoci 330 zuwa 400. Wannan hektar, in aka gine rabinta kaɗai, aka bar rabi don hanya da dandali da bishiyoyi, aka ɗora hawa uku na gidaje a kan shaguna, aka cire wurin matattakala da baranda, za ta ba da gidaje wajen 200 masu murabba'in mita 60, ɗaki biyu da falo da kicin da banɗaki. In kowane gida mutum shida ne, mutum 1,200 ke nan suka sami makwanci a tsakiyar gari, ban da masu shagunan ƙasa. Duk mai alƙalami ya sake lissafin da kansa.

Ku je kowace babbar tasha bayan sallar isha ku gani. An yi lodin motar ƙarshe, ɗan kamasho ya ƙirga abin da ya samu ya soke a aljihu, mai shayi yana haɗa kofuna. Filin da ya wuni yana tafasa ya koma wayam, sai baƙin mai a ƙasa da leda tana yawo. A gefe, ƙarƙashin barandar shaguna, 'yan dako da yaran mota suna shimfiɗa kwali, kowa ya yi matashi da takalminsa don kada a ɗauke. Ku ɗaga kai sama: hawa na biyu da na uku na filazar da suke kwance a gindinta duhu ne, ƙofofi a garƙame, wasu an mai da su sito, wasu tun da aka gina babu wanda ya kama, domin mai saye ba ya son hawa bene. Ɗakuna a kulle a sama, mutane a kwali a ƙasa, a fili ɗaya.

Da asuba kuma ku tsaya bakin titi a Kurna, ko Rijiyar Zaki, ko Mariri, ko Sheka, ku ga masu riƙe da garin nan suna rububin Adaidaita Sahu. Malamar firamare ce, da ma'aikaciyar jinya da za ta karɓi aikin safe, da yaron shago na Kantin Kwari, da tela, da mai shara. Wasu sai sun hau biyu kafin su isa, su hau biyu kafin su koma. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 nan take, daga baya ta tsallake 1,000. Mafi ƙarancin albashin da Kano ta amince da shi a 2024 naira 71,000 ne. Ku cire kuɗin mota na wata, ku ga abin da ya rage na cefane. Mutum ya gudu bayan gari don haya ta fi sauƙi, sai titi ya karɓe abin da ya rage masa.

Hayar ma kun san halinta. Kuɗin shekara a dunƙule, ga la'adar dillali, ga ƙarin da ke zuwa ba sallama. Samari nawa ne aka sa musu rana aka ɗaga saboda babu ɗaki? Zawarawa nawa ne ke cunkushe da 'ya'yansu a ɗakin tsohuwa? Ƙidayar 2006 ta ce mutanen jihar nan sun haura miliyan 9, kuma duk yaran da aka haifa a shekarar yanzu sun isa neman nasu ɗakin. Wanda ya tara ɗan abin hannu sai ya sayi awon igiya a inda babu kwata, babu famfo, babu makarantar gwamnati, damina ta zo ya kwana yana kwasar ruwa.

Hanya biyu muka gwada a garin nan, duka mun ga ƙarshensu. Ta farko ita ce mai da kowane sarari shago. A shekarun da suka gabaci 2023 an gina shaguna a jikin Filin Idi na Ƙofar Mata, da Filin Sukuwa, da harabar tsohon otal ɗin Daula, da layukan kasuwanni. A watan Agustan 2022 ruwa ya shiga Kantin Kwari ya lalata dukiya mai yawa, 'yan kasuwar da kansu suka nuna gine-ginen da aka ɗora a kan hanyar ruwa. A ƙarshen wannan watan bene da ake kan ginawa ya rufta a titin Beirut. Sai gwamnati ta canza, farkon Yunin 2023 katafila ta fito, aka shiga rusau. A watan Satumba Babbar Kotun Tarayya ta ce a biya masu shagunan Filin Idi diyyar naira biliyan 30, daga baya aka daidaita a kan biliyan 3. Masu ginawa da hujjarsu, masu rushewa da tasu, kuma ban zo raba wannan gardama ba. Abin da na sani shi ne an kashe kuɗi an gina, an kashe kuɗi an rushe, an kashe kuɗi an biya diyya, talaka bai sami ko ɗaki ɗaya a ciki ba.

Hanya ta biyu ita ce gina rukunin gidaje a bakin gari. Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo gidaje ne masu kyau, amma da yawansu sun yi shekaru a rufe, har ta kai gwamnati tana ba masu su wa'adin su tare ko su ba da haya. Gidan da ɗan dako ba zai iya saye ba, kuma ko an ba shi kyauta ba zai iya biyan kuɗin motar zuwa kasuwa daga can ba, ba shi aka gina wa ba. Tsofaffin gidaje masu sauƙin kuɗi na zamanin Shagari, da gidajen ma'aikata da Gwamnatin Tarayya ta sayar a zamanin Obasanjo, sun koya mana wani darasin: gidan gwamnati sau ɗaya yake yin rangwame. Ranar da aka sayar wa na farko, ya shiga kasuwa ke nan, na biyu sai da farashin dillali.

Abin da nake kira a yi ba baƙon abu ba ne a Kano. Fagge da muke taƙama da ita masaukin ayari ce, inda fataken Azbin ke sauke kaya su ɗaure raƙumansu a wajen ganuwa. Kakanninmu ba su bar ta turken dabbobi har abada ba, ta zama unguwa mai gidaje da masallatai da makarantu da kasuwa. Haka zangunan da fatakenmu suka kafa a kan hanyar goro har Kumasi suka koma unguwanni. A cikin birni kuwa, kewayen kasuwar Kurmi da Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa a ƙarni na 15, gida da sana'a ba su taɓa rabuwa ba. Tela yana ɗinki a soro iyalinsa suna ciki, dukawa suna ɗinkin fata a ƙofar gida, malam yana karantarwa a zaure, uwargida tana sayar da ƙosai ko ƙuli daga tsakar gida. Mutum ya fito daga ɗakinsa taku ashirin ya isa wurin neman abincinsa. Mu ne muka zo muka raba su, muka ajiye barci a Gabas, sana'a a Yamma, muka sa gosulo a tsakani.

Wanda ke ganin ba za a iya wannan a zamanin siminti da rodi ba, ya dubi abin da aka yi a birnin Zurik na ƙasar Suwizalan, ɗaya daga cikin biranen da haya ta fi tsada a duniya. A wata unguwa akwai filin da ake kira Kalkbreite, bai kai hekta guda ba, mallakin hukumar birni, inda ake ajiye taragun lantarki masu bin tsakiyar titi idan sun tashi aiki. Mutanen unguwar ne suka taru suka tattauna abin da suke so a yi da shi, suka kafa ƙungiyar gama kai a 2007. Hukuma ba ta sayar musu da filin ba, haya ta ba su ta dogon zango, ƙasar tana nan a hannun birni. A 2014 aka tare. Taragun ba su je ko'ina ba: an yi musu rumfar siminti a ƙasa, har yau a nan suke kwana. A kan rufin rumfar aka yi tsakar gida mai bishiyoyi da wurin wasan yara, kowa na iya hawa ya sha iska. Kewaye da ita gidaje ne da mutum wajen 250 ke zaune, ga shaguna da ofisoshi da gidan abinci da sinima inda wasu wajen 200 ke aiki. Kuɗin haya ana yanka shi ne a kan abin da ginin ya ci da abin da kula da shi ke ci, babu mai gidan da ke jiran riba. Masu shiga kuma suna sa hannu cewa ba za su ajiye motar kansu ba.

Abu biyu za mu ɗauka daga nan. Na ɗaya, ba lallai ne tasha ta tashi gaba ɗaya kafin a gina unguwa ba. Ƙananan motoci na iya ci gaba da lodi a ƙasa ko a gefe guda, mutane suna zaune a sama. Na biyu, maƙwabta ne suka fara, hukuma ta biyo baya. Mutanen birnin ma ba su tsaya a gini ɗaya ba, a 2011 suka kaɗa ƙuri'a cewa kafin 2050 kashi ɗaya cikin uku na gidajen hayar birnin ya zama na waɗanda ba riba suke nema ba.

Makullin da suka yi amfani da shi, wato raba ƙasa da kasuwa, muna da wanda ya fi shi ƙarfi, kuma ya girme shi da ƙarnuka. Sunansa waƙafi. Sayyidina Umar ya sami gona mai daraja a Khaibar, ya tsare asalinta bisa shawarar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bar amfaninta ga mabuƙata, da sharaɗin ba a sayarwa, ba a bayarwa kyauta, ba a gado. Rijiyar Ruma da Sayyidina Usman ya saya ya bar wa jama'a a Madina har yau ana cin moriyar waƙafinta. Jihar Kano tana da Hukumar Zakka da Hubusi tun 2003. Me zai hana filin tasha ya zama waƙafin gari, a ƙarƙashin amintattu da suka haɗa da mazauna gidajen, da 'yan kasuwar wurin, da wakilan unguwa, da gwamnati, amfaninsa ya kai ga duk mazaunin Kano ba tare da an tambaye shi ƙabila ko addini ko katin jam'iyya ba?

Dokar ƙasa ma tana tare da mu. Sashen farko na Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ya danƙa filayen jiha a hannun gwamna ne a matsayin amana, don amfanin jama'a baki ɗaya. Mai riƙon amana ana tambayarsa. Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya sa kafa tashoshin mota da kasuwanni da kula da su cikin ayyukan ƙananan hukumomi, don haka ciyaman da kansila ba za su ce babu ruwansu ba. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba ma'aikata kwana 7 ta amsa wa wanda ya nemi bayani a rubuce. Dokokin suna nan, masu ɗaukar su zuwa ofis ne suka yi ƙaranci.

Na san abin da za a ce. Za a ce Bahaushe ba ya zaman bene, saboda sirrin iyali. Gaskiya ne ba za mu zauna a akwatunan da aka kwafo daga wata ƙasa ba. Sai a zana mana namu: kowane rukuni da soronsa na karɓar baƙi, tagogi da barandar da na waje ba ya hango na ciki, tsakar gida ta mata da yara inda za a yi girkin suna da biki a ɗora babbar tukunya, wurin shanya a rufi, tsofaffi da masu lalura a hawan ƙasa. Kada a wuce hawa huɗu, don kada mu dogara da na'urar hawa a garin da wuta ke zuwa ta tafi. A yi rijiyar burtsatse da sola da tankuna tun daga tushe. A shuka darbejiya, domin duk wanda ya taka kwalta a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, ya san darajar inuwa. Muna da masu zanen gini da masana tsara birane a Jami'ar Bayero da jami'ar Wudil da kwalejojinmu. Wannan aikinsu ne.

Za a ce ina kuɗi. Mafi tsadar abu a gina gida a tsakiyar gari shi ne fili, kuma filin yana hannu. Hayar shagunan ƙasa za ta tallafi gidajen sama. Ma'aikata sun daɗe ana cire musu kashi 2.5 na albashi zuwa Asusun Gidaje na Ƙasa da aka kafa a 1992, da yawa har suka yi ritaya ba su ga ko tubali ba. Ƙungiyar gama kai mai rajista tana da bakin neman rance daga can. Gwamnatin Tarayya ta tara naira biliyan 100 ta hanyar sukuk, wato takardun zuba jari marasa ruwa, a 2017 ta yi tituna, kuma gidan haya kadara ce mai kawo kuɗin da za a biya masu zuba jari. Ga bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, ga attajiranmu masu neman sadaka mai gudana. Mai gini mai zaman kansa ma yana da gurbi: ya gina, ya ci ribar wani kaso na shaguna na adadin shekaru sanannu, ya miƙa. Abin da ba za a ba shi ba shi ne takardar mallakar filin.

Za a ce manya ne za su rabe gidajen. Wannan ita ce fargabar da ta fi kowace gaskiya, kuma maganinta a rubuta sharuɗɗa kafin a aza tubalin farko. Ga su, mu haddace su, mu kai su duk inda za a yi maganar:

Na farko, a wallafa jerin duk tashoshi da filayen ajiye motoci na gwamnatin jiha da na ƙananan hukumomi, da girman kowanne, da sunan wanda takardarsa ke hannunsa.

Na biyu, kada a canza wa ko ɗaya amfani sai an kafa allo a wurin, an sanar a rediyo, an yi taron jin ra'ayin jama'a a cikin unguwar, da rana, ƙofa a buɗe.

Na uku, a ƙirga duk mai sana'a a filin tun kafin a taɓa shi, direba da ɗan kamasho da bakanike da mai faci da mai abinci da mai tebur, a ba kowa shaida a hannu, a tanadi inda zai zauna lokacin gini, a ba shi hakkin fara zaɓe bayan an gama.

Na huɗu, aƙalla rabin gidajen su zama na masu ƙaramin ƙarfi, haya wata-wata, kada ta wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da mutum ke samu. A raba ta hanyar ƙuri'a a bainar jama'a, a manna sunaye a bango. Wanda ya samu ba ya sayarwa, ba ya saka wani haya. In ya tashi, gida ya koma ga na gaba a layi.

Na biyar, a fara da magudanar ruwa da hanyar motar kashe gobara, injiniya mai rajista ya sa hannu a kowane hawa, amintattu su karanta lissafin shiga da fita a gaban jama'a duk shekara.

Yanzu kira ga kowa da sunansa. Iyayenmu hakimai da dagatai da masu unguwanni, ku ne kuka san iyakar kowane fili tun kafin a zana taswira. Ku rubuta, ku ajiye, ku faɗa. Malamanmu da limamai, ku karantar da babin waƙafi a mumbari kamar yadda kuke karantar da zakka, ku tuna wa masu hali cewa rufin asirin iyali a ɗaki sadaka ce mai gudana. Shugabannin ƙungiyoyin direbobi da na 'yan kasuwa, kada a kira ku ɗaki a ba ku shago bibbiyu ku sa hannu a madadin dubban da suka zaɓe ku. Ku nemi kujera a teburin zane tun yau.

Iyayenmu mata, ku ne kuka fi kowa sanin ciwon tashi daga gidan haya da tsakar damina. Ƙungiyoyinku na adashi da na islamiyya sun riga sun iya tara kuɗi da riƙon amana; ku yi musu rajista su zama ƙungiyoyin gama kai na gidaje. Matasa masu waya a hannu, ku je ku auna filin unguwarku, ku ɗauki hotonsa, ku ƙirga motocin da ke kwana a ciki da mutanen da ke kwana a gefensa, ku sa a Facebook da TikTok da hujja, ba da zagi ba. Lauyoyinmu, ku rubuta wa unguwanni takardun neman bayani zuwa hukumar tsara birane ta KNUPDA da ma'aikatar ƙasa kyauta. 'Yan jarida, ku bibiyi amsar. Ɗaliban zanen gini, ku ɗauki tasha guda ku mai da ita aikin kammala karatunku, ku kawo zanen dandali mutane su gani da idonsu.

'Yan majalisarmu 40 na jiha, doka ɗaya muke nema: wadda za ta hana sayar da filayen tashoshi, ta kafa amintattu, ta kulle waɗannan sharuɗɗa. Duk mai neman ƙuri'armu, na kowace jam'iyya, a tambaye shi a gaban jama'a ko zai kawo ta, a naɗi amsarsa.

Ba a fafe gora ranar tafiya. A wannan makon, bayan sallar Juma'a ko bayan taron coci, mutum goma su zauna a kowace unguwar da ke maƙwabtaka da tasha. Ku zaɓi shugaba da magatakarda, ku sa mata da masu sana'ar tashar a ciki. Ku rubuta takarda mai tambaya uku: filin nan na wane ne, me ake shirin yi da shi, yaushe za a zauna da mu? Ku kai wa mai unguwa kwafi, ku kai wa kansila, ku kai wa ɗan majalisa, ku kai ma'aikatar ƙasa, a buga muku hatimin karɓa. In kwana 7 suka wuce shiru, ku koma ku ashirin, cikin lumana da ladabi. In aka sake yin shiru, ku haɗu da kwamitin unguwar gaba ku koma tare.

Ku tashi, jama'ar Kano. Filayen nan namu ne, 'ya'yanmu ne ke neman ɗaki, kuma doka ta ba mu bakin magana. Allah Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, Ya ba mu ƙarfin halin tambayarsu, Ya rufa wa kowane mai iyali asiri. Amin.